Damben zamani: yaya ake gane matashin da zai zama zakaran duniya?

Tun da Saudiyya ta shiga zuba kuɗi cikin damben zamani, wasan ya dawo bakin mutane, har a kasuwanninmu da fadar samari. Kusan kowane wata sai an nuno wani yaro a tele ko a salula, an ce wannan shi ne sabon Mike Tyson. Daga nan gardama ta tashi a rumfa, wasu har su sa kuɗinsu. To amma cikin waɗannan yara da ake yi wa kirari, kaɗan ne suke kai hannu ga ɗamarar duniya. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu duba yadda masana wasan suke auna matashi kafin su ce zai kai ko ba zai kai ba, tare da misalan waɗanda suka kai da waɗanda suka tsaya a hanya.

Hanyar da ake bi zuwa ɗamara

Da farko mu san abin da ake nema. Ƙungiyoyi 4 ne manya da duniya ta yarda da ɗamararsu: WBA, da WBC, da IBF, da WBO. An raba ƴan dambe aji-aji bisa nauyin jiki, aji 17 ne aka saba da su, tun daga masu kilo 47 da ɗoriya har zuwa manya waɗanda suka haura kilo 90. Kowane aji kuma yana iya samun zakara 4 a lokaci guda, tunda kowace ƙungiya da nata.

Sabon shiga yakan fara da wasa mai turmi 4, sai 6, sai 8, sai 10. Wasan ɗamara na maza turmi 12 ne, kowane turmi minti 3, da hutun minti 1 a tsakani. Na mata kuwa galibi turmi 10 ne, kowane minti 2. Kafin a ba mutum damar neman ɗamara, sai sunansa ya shiga cikin jerin mutum 15 na farko na ƙungiyar. Ita ma ƙungiyar ba don Allah take ba: tana karɓar kamar kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ɗan damben ya samu a wasan ɗamara. Ke nan sha'anin akwai ƙarfi, akwai kuma ciniki, kuma wanda ya manta da cinikin ba zai fahimci wasan ba.

Kada takarda ta ruɗe ku

Abin da aka fi nuna wa ƴan kallo shi ne lissafi: wasa kaza, nasara kaza, babu faɗuwa ko ɗaya. Ƴan kasuwa sun san ba a cinikin biri a sama. Tambayar farko ita ce, su wa ya doke? A wannan sana'a akwai mutanen da aikinsu shi ne a kira su, a biya su, su zo su sha duka don takardar yaro ta cika. Mai shirya wasa da ya zuba jari a kan yaro shi ne yake zaɓo masa abokin karawa, kuma ba zai so jarinsa ya karye tun da wuri ba.

Ku dubi Edgar Berlanga na Amurka. Wasanninsa 16 na farko duka a turmin farko ya gama su, duniya ta ɗauka. Da aka fara kawo masa masu tauri a 2021, sai ya yi wasa 5 a jere bai iya tsayar da kowa ba, har ɗaya daga cikinsu ya kai shi ƙasa. A watan Satumba 2024 Canelo Alvarez na Meziko ya cinye shi da maki, a watan Yuli 2025 kuma Hamzah Sheeraz na Ingila ya gama da shi a turmi na 5.

Haka Jared Anderson, wanda aka ce shi ne zai maido wa Amurka martabar ajin manya. Ya yi wasa 17 babu faɗuwa. A watan Agusta 2024 aka haɗa shi da Martin Bakole, ɗan Kwango. Bakole ya kai shi ƙasa sau 3, alƙali ya tsayar da wasa a turmi na 5.

Saboda haka idan an ce muku yaro bai taɓa faɗuwa ba, ku tambaya: cikin waɗanda ya doke akwai wanda ya taɓa neman ɗamara? Akwai wanda yake cikin ganiyarsa, ko duk tsofaffi ne da ƙarfi ya tafi? Akwai wanda shi ma ya zo da niyyar cin wasan?

Lambar Olimpik tana da amfani, amma ba ta isa ba

Mu a Nijar mun san darajar lambar Olimpik, tunda ta farko da ƙasarmu ta samu a dambe ne aka same ta: Issaka Daboré ya kawo tagulla daga birnin Munik na Jamus a 1972. Yaron da ya daɗe a damben sha'awa, wanda ba na kuɗi ba, ya gamu da salo iri-iri: dogo da gajere, bahago da na dama, mai gudu da mai tsayawa. Wannan jari ne babba. Vasiliy Lomachenko na Yukren, mai zinariya a 2008 da 2012, ya ɗauki ɗamarar duniya a wasansa na 3 na kuɗi, a 2014. Anthony Joshua, ɗan asalin Najeriya mai wakiltar Ingila, ya ci zinariya a 2012, ya ɗauki ɗamara a wasansa na 16, a 2016. A wajen mata, Claressa Shields ta Amurka mai zinariya 2 ta zama zakara a wasanta na 4.

To amma damben Olimpik turmi 3 ne kawai, damben kuɗi kuwa doguwar tafiya ce da ƙananan safar hannu. Audley Harrison na Ingila ya ci zinariya a 2000, har ya bar wasa bai riƙe ɗamarar manyan ƙungiyoyin nan ba. Da ya gwada a 2010, David Haye ya gama da shi a turmi na 3. Masu kallon Canal+ kuma suna tune da Tony Yoka na Faransa, zinariyar 2016, wanda aka yi wa talla kamar ɗamara ta riga ta shiga hannu. Ya ci wasa 11 a jere. A watan Mayu 2022, a birnin Paris, gaban mutanensa, Bakole ɗin nan dai ya kai shi ƙasa ya kuma cinye shi da maki. A 2023 Carlos Takam, haifaffen Kamaru mai shekara 42, ya cinye shi, kafin shekarar ta ƙare Ryad Merhy ma ya cinye shi. Faɗuwa 3 a jere ke nan.

Ranar da ya sha naushi

Kowane ɗan dambe yana da kyan gani muddin shi ne mai duka. Ba a sanin gaskiyarsa sai ranar da naushi ya same shi a haɓa, ƙafafu suka yi sanyi. Abin da masana suke jira su gani shi ne: ya tashi? Da ya tashi, hankalinsa yana jikinsa? Ya san ya riƙe abokin karawa ya ɓata lokaci har kansa ya dawo, ko fushi ya ɗebe shi ya shiga wani dukan?

Misali mai kyau shi ne Abdullah Mason na Amurka, bahago, wanda mahaifinsa ne mai horas da shi. A watan Nuwamba 2024, yana da shekara 20, Yohan Vasquez ya kai shi ƙasa sau 2 a turmin farko. Ya tashi, ya natsu, ya gama da Vasquez a turmi na 2. Wasu suka ce asirinsa ya tonu, haɓarsa ba ta da ƙarfi. Wasu suka ce a'a, yanzu ne aka ga zuciyarsa. Bayan shekara guda, a watan Nuwamba 2025 a birnin Riyad, ya yi turmi 12 masu zafi da Sam Noakes na Ingila, ya ɗauki ɗamarar WBO ta ajin kilo 61, yana da shekara 21.

Ko faɗuwa ma, akwai wadda ta fi nasara 10 daraja. Azumah Nelson na Gana yana da wasa 13 kacal lokacin da aka kira shi cikin gaggawa, a 1982, ya kara da babban zakaran Meziko, Salvador Sánchez, a Niyu Yok. Babu wanda ya san shi. Ya tsaya da zakaran har turmi na 15 kafin alƙali ya tsayar. Ya faɗi, amma duk mai ido ya gane abin da ya gani. A 1984 ya bi Wilfredo Gómez har gida, ya gama da shi a turmi na 11, ya ɗauko ɗamarar WBC. Manny Pacquiao na Filifin an kwantar da shi a turmi na 3 a 1996, daga baya ya ci ɗamara a aji 8. Bernard Hopkins ya faɗi wasansa na farko a 1988, amma har yana da shekara 49 yana riƙe da ɗamara. Daniel Dubois na Ingila ya durƙusa ya bar wasa a 2020 bayan ƙashin idonsa ya karye, aka yi ta ce masa rago. A watan Satumba 2024 shi ne ya kwantar da Joshua a turmi na 5 a Landan.

Ilimin wasa ya fi ƙarfin damtse

Ƙarfin naushi baiwa ce, amma a sama kowa yana da ita gwargwado. Abin da yake raba su shi ne ilimi. In kuna kallon matashi, ku bar kallon hannun da yake kwantarwa, ku dubi waɗannan.

Hannun gaba: yana amfani da shi ya auna tazara, ya hana abokin karawa shigowa? Ƙafa: bayan ya yi duka yana kaucewa gefe, ko yana tsayawa wuri guda a rama masa? Kai: yana motsa shi, ko yana ajiye shi kamar tulu? Dukan ciki: yana zuba shi tun turmin farko don ya ci ribarsa a turmi na 9? Numfashi: a turmi na 7 bakinsa a buɗe yake, hannuwa sun sauka? Sannan in dabarar da ya shigo da ita ta ƙi, yana da wata? Kuma lokacin hutu, yana sauraron mai horas da shi, ko idonsa yana wajen ƴan kallo?

Isaac Dogboe na Gana ya ɗauki ɗamarar WBO a 2018 yana da shekara 23, da zuciya da zafin nama. Amma da ya gamu da Emanuel Navarrete, dogo mai dogon hannu, ya rasa hanyar shiga, ya faɗi a watan Disamba 2018, ya sake faɗuwa a 2019. Samuel Peter na Najeriya, mai naushi kamar guduma, ya ɗauki ɗamarar WBC ta manya a watan Maris 2008. Watan Oktoba na shekarar Vitali Klitschko ya tsare shi da hannun gaba daga nesa, ya karɓe ta. Ƙarfi yana iya kai mutum ga ɗamara, amma riƙe ta sai da ilimi.

Sikeli da hali

Kwana guda kafin wasa ake hawa sikeli. Wanda ya wuce nauyin ajinsa ya saɓa alkawari, kamar ɗan kasuwar da ya karɓi kuɗin kaya bai kawo ba. Keyshawn Davis na Amurka, mai azurfar Olimpik ta Tokiyo, ya ɗauki ɗamarar WBO a watan Fabrairu 2025. A watan Yuni aka shirya masa wasa a garinsu, ya hau sikeli ya wuce da kusan kilo 2. Aka karɓe ɗamarar, aka soke wasan. Ita ce ɗamarar da Abdullah Mason ya ɗauka bayan wata 5. Shi ma Tony Yoka an dakatar da shi shekara guda a 2018 saboda sau 3 masu gwajin ƙwayoyi suna nemansa ba su same shi ba.

Don haka a tambayi halin yaro a wajen fage. Nauyinsa yana hawa sosai tsakanin wasa da wasa? Yana yawan canza mai horaswa? Su wa suke kewaye da shi tun da kuɗi suka fara shigowa? Mike Tyson da kansa, wanda ya zama zakaran manya yana da shekara 20 a 1986, ya shiga rikicin gida da na abokai, ya rabu da mai horas da shi, a 1990 Buster Douglas da ba a ba shi komai ba ya kwantar da shi a turmi na 10 a Tokiyo.

Wa yake riƙe da shi?

Mai kiwon rago ya san in an kai shi kasuwa kafin ya ƙosa an yi asara, in an bar shi ya wuce lokaci ma an yi asara. Haka yaro a hannun mai shirya wasa. David Reid na Amurka ya ci zinariya a 1996, ya ɗauki ɗamara a wasansa na 12 a 1999. Don kuɗi aka gaggauta haɗa shi da Felix Trinidad a 2000, aka kai shi ƙasa sau 4, bai ƙara komawa daidai ba, a 2001 ya bar wasa. Xander Zayas na Fotoriko kuwa, kamfanin Top Rank ya ɗauke shi yana da shekara 16, aka bi da shi sannu-sannu, kowane abokin karawa ya ɗan fi na baya. Sai a wasansa na 22, watan Yuli 2025, ya ɗauki ɗamarar WBO ta ajin kilo 69 da ɗoriya, yana da shekara 22.

A nan ne ɗiyan Afirka suke shan wuya. Baiwa ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba: Battling Siki na Senegal ya ci ɗamarar duniya a Paris tun 1922, Hogan Bassey na Najeriya a 1957, Dick Tiger a 1962. A Zambiya, Esther Phiri mai sayar da kayan miya ce a kasuwar Lusaka kafin dambe ya fitar da sunanta. Amma kuɗin wasan da gidajen tele suna Amurka, da Ingila, da Japan, da Saudiyya. Yaron da ba shi da mai shirya wasa a can, sau da yawa kiransa ake cikin gaggawa ya je ya cike gurbi a gidan wani, gaban alƙalan wani. Shi ya sa Christian Mbilli, haifaffen Yawunde, ta Faransa da Kanada ya bi kafin ya kai ga ɗamarar riƙon ƙwarya ta WBC a watan Yuni 2025.

Mu gwada awon a kan wasu

Moses Itauma shi ne aka fi magana a kai. An haife shi a watan Disamba 2004 a Silobakiya, mahaifinsa ɗan Najeriya, ya girma a Ingila. Bahago ne, hannunsa da ƙafarsa suna da saurin da ba a saba gani ba a ajin manya. Ya fara damben kuɗi a watan Janairu 2023. A watan Agusta 2025 a Riyad ya gama da Dillian Whyte, wanda ya taɓa neman ɗamara, cikin ƙasa da minti 2. Yana da babban mai shirya wasa, Frank Warren. Amma Whyte yana da shekara 37 a lokacin, kuma ya zuwa ƙarshen 2025 Itauma bai taɓa wuce turmi 6 ba, babu wanda ya taɓa girgiza shi. A ra'ayinmu, cikin matasan nan shi ya fi kusa, amma tambayar numfashi da ta haɓa sai doguwar karawa da namiji mai ganiya za ta amsa su.

Adam Azim na Ingila, haihuwar 2002, ajin kilo 63 da rabi, ya ci ɗamarar Turai a 2023, a watan Fabrairu 2025 kuma ya tsayar da tsohon zakaran duniya Sergey Lipinets a turmi na 9. Abin yabo a nan shi ne ya nuna yana iya tafiya nesa bai gaji ba. Abin lura shi ne ajinsa cike yake da gwanaye.

Ben Whittaker, mai azurfar Tokiyo, ya yi suna da rawa da tsokana cikin fage. A watan Oktoba 2024 Liam Cameron ya matsa masa, suka faɗo tare ta saman igiya, aka tashi babu wanda ya ci. Ya rama a turmi na 2 a watan Afrilu 2025. Ilimi yana da shi. Abin da za a zuba wa ido shi ne yadda zai yi ranar da aka sake matsa masa.

Samuel Takyi na Gana ya kawo tagulla daga Tokiyo a 2021, ya shiga damben kuɗi a 2022. Shi kam abin da zai yanke masa hukunci shi ne samun wanda zai buɗe masa ƙofar manyan wasanni.

Shawara ga masu kallo da iyaye

Ga samarin da suke sa kuɗi a caca ta salula saboda an ce wane ba ya faɗuwa, ku tuna da Tyson a 1990, ku tuna da Joshua da Andy Ruiz ya kwantar a 2019 alhali an kira shi ne don ya cike gurbi. Naushi guda yana rusa lissafin masana. Kuɗin da aka tara da rana da ƙura a kasuwa bai cancanci a jingina shi a haɓar wani yaro da yake wata ƙasa ba, balle jarin uwa ko kuɗin adashi.

Ga iyayen da ɗiyansu suke sha'awar wasan kuwa, a san cewa sana'a ce mai haɗari. Mutuwar ɗan Koriya Kim Duk-koo a 1982 ce ta sa aka rage wasan ɗamara daga turmi 15 zuwa 12, kuma a watan Agusta 2025 ƴan dambe 2 na Japan sun rasu bayan wasannin da suka yi a dare guda a Tokiyo. In yaro ya nace, a kai shi wajen mai horaswa na gaskiya ƙarƙashin hukumar wasan, ya daɗe a damben sha'awa, likita ya riƙa duba shi, kuma kada ya bar makaranta ko sana'ar hannu. Duk wanda ya zo da takarda ya ce zai fita da shi waje, kada a sa hannu sai wanda ya san doka ya karanta ta.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana ɗiyanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.